Wa'azi na Goma Sha Biyu: Hukuncin Kare Kai daga Mai Farmaki da Wajabcin Kauce Masa

Godiya ta tabbata ga Allah, Ubangijin talikai, wanda ya halicci rai ya sanya masa alfarma, ya haramta zalunci ga kansa, ya haramta shi tsakanin bayinsa. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

 Allah ya karɓi abin da ya wuce na azuminmu, ya ba mu ikon cika wanda ya rage.

Tun da watan nan ya kama, tambayoyi suke zuwa mana iri ɗaya daga wurare dabam-dabam. Wani ya ce ɓarayi sun haura masa katanga da dare, shin in ya sare ɗayansu ya mutu, yana da zunubi? Wani ya ce an tare shi a hanyar kasuwa an ce ya sauka daga babur, ya ba da ko ya yi faɗa? Wani kuma matashi ya aiko yana cewa abokin gabarsa ya zaro masa wuƙa, shi kuwa ya ruga, yanzu samarin unguwa suna kiransa matsoraci, har yana tunanin komawa ya wanke sunansa. Domin wannan matashi musamman, da ire-irensa, muka zaɓi wannan babi a daren yau. Malaman fiƙihu suna kiransa babin tunkuɗe sa'ili, wato mai farmaki, wanda ya afka wa mutum yana nufin ransa, ko iyalinsa, ko dukiyarsa, ba da wani haƙƙi ba.

Mas'ala ta farko: nauyin jini

Kafin a yi maganar halaccin faɗa, dole a fara da sanin girman abin da ake taɓawa. A cikin Suratul Ma'ida Allah ya ba mu labarin ƴaƴan Annabi Adamu guda biyu. Ɗaya ya yi alwashin kashe ɗan uwansa, ɗayan kuwa ya ƙi miƙa hannu gare shi saboda tsoron Allah. Bayan ƙissar, a aya ta 32, sai Allah ya daidaita kisan rai ɗaya ba da haƙƙi ba da kisan mutane baki ɗaya, ya kuma daidaita ceton rai ɗaya da ceton mutane baki ɗaya. A Suratun Nisa'i, aya ta 93, ya tara wa mai kashe mumini da gangan abubuwa masu ban tsoro: Jahannama, da fushinsa, da la'anarsa, da azaba mai girma.

Ya inganta daga Abdullahi ɗan Mas'udu, Allah ya ƙara masa yarda, cewa shari'ar jini ita ce farkon abin da za a yanke tsakanin mutane ranar alƙiyama. Bukhari kuma ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa mumini yana cikin yalwa a addininsa matuƙar bai zubar da jinin haram ba. Ku lura da wannan, ƴan uwa. Mai zunubi tsakaninsa da Allah yana iya tashi cikin dare ya yi kuka a gafarta masa. Wanda ya kashe rai kuwa, ina zai sami mamacin ya roƙe shi yafiya? Asali ke nan: jini haramun ne. Kare kai rangwame ne da aka cire daga wannan asali saboda larura, ita kuwa larura ana auna ta gwargwadonta, ba a ƙetare ta.

Mas'ala ta biyu: Musulunci bai ce a miƙa wuya ga azzalumi ba

Kada wani ya ji abin da muka faɗa ya zaci addini ya ɗaure hannun wanda aka zalunta. A Suratush Shura, daga aya ta 39 zuwa ta 43, Allah ya yabi waɗanda suke kare kansu idan aka yi musu zalunci, ya ɗauke laifi daga wanda ya rama bayan an cuce shi, ya ɗora laifin a kan masu zaluntar mutane, sa'an nan ya rufe da yabon haƙuri da yafiya.

Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa wani mutum ya tambayi Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, game da wanda ya zo ƙwace masa dukiya. Manzo ya hana shi miƙa ta. Ya ba shi izinin faɗa idan an yaƙe shi. Ya gaya masa cewa in shi aka kashe ya yi shahada, in kuwa ɗan fashin ne ya mutu, wuta ce makomarsa. A hadisin Sa'idu ɗan Zaidu, wanda Abu Dawuda da Tirmizi da Nasa'i suka kawo, an lissafa abubuwa huɗu da wanda aka kashe a kan kare su yake shahidi: dukiya, da iyali, da rai, da addini.

Sai dai abubuwan nan ba darajarsu ɗaya ba. Kare mutuncin mata da rayukan iyali wajibi ne a kan mai iko. Kare dukiya kuwa halal ne, mutum yana da zaɓi, in ya so ya kare, in ya so ya bari ya tsira da ransa, ba shi da zunubi ko zargi. An ruwaito daga Imamu Malik cewa idan ƴan fashi suka nemi abu kaɗan, kamar abinci ko tufa, ya fi son a ba su a bar faɗa. Sahnunu ya saɓa, yana ganin ba su yana ƙara musu ƙarfin guiwa. Ko wane ɗaya yana da abin da ya duba. Amma mai babur da aka tare da bindiga a daji, shi kaɗai, hannunsa babu komai, mu abin da muke ce masa shi ne ya sauka ya ba da. Ana sake sayen babur. Ba mu taɓa jin kasuwar da ake sayar da uba ga marayu ba.

Mas'ala ta uku: matakan tunkuɗewa

Shari'a ba ta ce da zarar an taso maka ka fara da kisa ba. Ta jera matakai, daga mai sauƙi zuwa mai tsanani, ba a hawa na sama sai na ƙasa ya gaza. Nasa'i ya ruwaito cewa wani ya yi wa Manzon Allah irin waccan tambaya, sai ya umurce shi ya fara tuna wa maharin Allah. In bai ji ba, ya nemi taimakon Musulmin da ke kusa. In babu su, ya nemi taimakon hukuma. Sai idan hukuma ta yi nisa ne aka ambaci faɗa. Ku ƙidaya da kanku: faɗa shi ne na huɗu.

Duk almajirin da ya yi nisa a karatun zaure a ƙasashenmu ya san Mukhtasar na Shaihu Halilu ɗan Ishaƙa, malamin Masar na ƙarni na takwas na hijira. A ƙarshen babin haddin giya ya taƙaita wannan hukunci cikin kalmomi kaɗan, masu sharhi irin su Shaihu Dardiri da Dasuƙi suka buɗe su. Abin da ya fito daga ciki shi ne: ya halatta a tunkuɗe mai farmaki, ko da a kan dukiya ne, bayan an gargaɗe shi, idan mai fahimtar gargaɗi ne kuma akwai sararin yin haka. Gargaɗin shi ne ka haɗa shi da Allah ya rabu da kai. Mahaukaci da dabba ba su fahimtar magana, saboda haka ba a jiran gargaɗi a kansu. Haka wanda ya riga ya ɗaga takobi a kanka, ba a ce ka tsaya wa'azi ba.

Idan magana za ta kore shi, ba a ɗaga sanda. Idan ihu da tara maƙwabta za su kore shi, ba a zare wuƙa. Idan dukan hannu ko ƙafa zai tsayar da shi, ba a nufi kai ko ƙirji. Ba a nufin kashe shi sai an tabbata babu abin da zai tsayar da shi sai kisa. Niyyar mai kare kansa ita ce sharrin ya gushe. Da zarar niyya ta juya ta zama neman ganin bayan mutumin, hukunci ma ya juya.

Mas'ala ta huɗu: gudu

Ga inda muke son ku kasa kunne sosai, domin nan ne al'ada take karo da ilimi. Shaihu Halilu ya ce wanda yake da ikon guje wa mai farmaki ba tare da wahala ba, bai halatta ya ji masa ko rauni ba, balle kisa. Ku sake ji: ko rauni. Masu sharhi suka bayyana cewa ana nufin ya iya kuɓuta da kansa, da iyalinsa, da dukiyarsa, ba tare da wata cuta ta same shi ba. Wannan ba ra'ayin Malikiyya kaɗai ba ne. Imamun Nawawi, a cikin Minhaju, ya tabbatar cewa a mazhabar Shafi'i gudu wajibi ne idan ya yiwu, faɗa kuma haramun ne a lokacin. Dalilin a fili yake. An umurce ka da tunkuɗe sharri da mafi sauƙin hanya, to wace hanya ta fi sauƙi a kan ka juya ka shige gida ka sa sakata? Ranka ya tsira, na wancan ya tsira, ba a yi zaman makoki a gida biyu ba.

Sharuɗɗan nan suna da muhimmanci, kada a jefar da su. Wanda in ya juya baya za a harbe shi, ba a ce ya gudu ba. Tsoho ko gurgu da za a cim masa cikin taku goma, ba a ce ya gudu ba. Magidancin da aka shigo wa gida cikin dare, matansa da ƴaƴansa suna cikin ɗakuna, ina zai gudu ya bar su? Wannan ya tsaya, in ya mutu shahidi ne. Wanda ake magana a kansa shi ne mutumin da hanya take buɗe a bayansa, babu wanda zai bari a hannun azzalumi, babu abin da ya tsayar da shi sai kunyar idon mutane.

Yanzu mu koma ga matashinmu da ake kira matsoraci. Ɗana, saurara. Annabi Musa, alaihis salamu, yana cikin manzanni biyar ma'abuta ƙarfin niyya, ƙarfin jikinsa kuma Alƙur'ani ya shaida shi. Da wani mutum ya zo daga ƙarshen birni ya gaya masa manyan Fir'auna suna shawarar kashe shi, fita ya yi daga garin ya nufi Madyana, kamar yadda ya zo a Suratul Ƙasasi. Shugaban halitta, da Ƙuraishawa suka kewaye gidansa da takubba, fita ya yi cikin dare, shi da Abubakar suka ɓuya kwana 3 a kogon Sauru. Daga wannan fita muke ƙidayar shekarunmu har yau. A shekara ta 8 bayan hijira, a yaƙin Mu'uta, bayan an kashe Zaidu ɗan Harisa da Ja'afaru ɗan Abu Ɗalibi da Abdullahi ɗan Rawaha, Halidu ɗan Walidu ya karɓi tuta, ya yi dabara ya janye rundunar da ta fito da mutum 3000 daga gaban taron da ya ninka su. Malaman tarihi sun kawo cewa da suka iso Madina wasu suka riƙa yi musu gorin gudu, Manzon Allah ya kare su, ya ce masu sake komawa ne da yardar Allah. A kan wannan yaƙi ne aka kira Halidu takobin Allah. Hausawa ma sun ce ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. To wane ne a cikin samarin unguwarku ya fi waɗannan jarunta?

Wani zai ce, ai malam, gudu daga fagen fama yana cikin manyan zunubai bakwai masu halakarwa. Gaskiya ne, yana ciki, kuma ya zo a Suratul Anfali, aya ta 15 da ta 16. Amma wancan yaƙi ne na shari'a, ƙarƙashin shugaba, sahu ya fuskanci sahu, gudun mutum ɗaya yana iya karya runduna. Ko a can ma Allah ya togace mai juyawa don dabarar yaƙi da mai komawa ga jama'arsa. Ina haɗin wannan da rikicin bashi a tasha, ko gardamar budurwa a dandali, ko faɗan layi a bakin famfo? Wanda ya ɗauko hukuncin Badar ya ɗora a kan faɗan kasuwa ya yi wa Alƙur'ani ƙarya.

Hukuncin irin wannan faɗa yana cikin hadisin Abu Bakrata, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito: Musulmi biyu da suka fuskanci juna da takubba, wanda ya kashe da wanda aka kashe duka suna wuta. Sahabbai suka yi mamakin na biyun, aka bayyana musu cewa shi ma kwaɗayin kashe abokinsa yake yi, dama ce kawai bai samu ba. Saboda haka wanda ya koma gida ya ɗauko adda ya dawo, wanda ya aika a gaya wa wane su haɗu bayan gari, wanda ya tsokani mutum da zagi don ya taso ya sami hujjar sara, babu ɗayansu da ake kira mai kare kai. Ka riga ka tsira, ɗana. Komawar da kake tunani ita ce farmaki, kai ne za ka zama sa'ilin.

Ku tuna da halifa na uku, Usmanu ɗan Affana. A shekara ta 35 masu tawaye suka kewaye gidansa a Madina. Akwai ƴaƴan manyan sahabbai a ƙofarsa da makamai, ya hana su faɗa don kada a zubar da jinin Musulmi saboda shi. A lokacin fitina, sa'ad da gaskiya ta cakuɗe da ƙarya, Manzon Allah ya yi umurni da kame hannu da lazimtar gida, ya ce mutum ya zama kamar mafi alherin ƴaƴan Adamu biyu.

Mas'ala ta biyar: inda kariya take ƙarewa

Kare kai yana farawa da farmaki, yana ƙarewa da ƙarewarsa. Maharin da ya faɗi ba ya iya tashi, ba a ƙarasa shi. Wanda ya jefar da makami ya ɗaga hannu, ba a dukansa. Wanda ya juya ya ruga, ba a bin sa don a kashe, sai dai in ya tafi da kayanka, ka bi don ka karɓo, in ya yar da su ka tsaya. Miƙdadu ya taɓa tambayar Manzon Allah game da kafirin da zai sare masa hannu a fagen yaƙi, sa'an nan ya laɓe bayan itace ya ce ya musulunta. Manzo ya hana shi kashe shi, ya maimaita hanin, duk da hannun da aka sare. In haka ne a fagen yaƙi, yaya a cikin kasuwa?

A nan dole mu faɗi magana mai ɗaci. Abin da ake yi a wasu garuruwanmu, a yi ihun ɓarawo, jama'a su taru da duwatsu da sanduna a kan mutum ɗaya, wani lokaci har a nemo taya da fetur, wannan kisan kai ne, kowa ya sa hannu yana da kaso. Mutumin da aka riga aka kama, aka ɗaure, wace barazana ta rage gare shi? Ko a shari'ar da aka tsayar cikakkiya, hukuncin sata bai kai kisa ba, kuma ba ya tabbata sai a gaban alƙali, da shaidu ko iƙirari, da nisabi, da sauran sharuɗɗa. Azaba da wuta kuwa, Manzo ya ce ta Ubangijin wuta ce shi kaɗai. Sau nawa aka kashe mutum, da gari ya waye aka gane baƙo ne ya ɓata hanya, ko mai taɓin hankali ne, ko wani ne mai ƙullin gaba ya fara ihun? Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa Umar ɗan Haɗɗabi ya zartar da ƙisasi a kan mutum biyar ko bakwai da suka haɗu suka kashe mutum ɗaya, ya ce ko mutanen San'a duka ne suka taru a kai haka zai yi musu. Yawan hannuwa ba ya raba zunubi ya ƙanƙance. Ko wane ɗaya yana ɗaukarsa cikakke.

Mas'ala ta shida: gona da dabba

Mun san inda jini ya fi zuba a ƙasarmu idan kaka ta yi. Shanu sun shiga gona, ko an nome burtali, ko an toshe hanyar rijiya. Ƴan uwa manoma da makiyaya, shari'a ta yi wannan hukunci tun kafin a haifi kakanninmu. A Suratul Anbiya'i, aya ta 78, Annabi Dawuda da Annabi Sulaimanu sun yi shari'ar tumakin da suka yi ɓarna a shuka cikin dare. A cikin Muwaɗɗa, taguwar Bara'u ɗan Azibu ta shiga lambun wani ta yi ɓarna, Manzon Allah ya hukunta cewa tsaron lambu da rana yana kan masu shi, ɓarnar dare kuwa masu dabbobi ne za su biya. Ko'ina biya aka ambata. Ba a ambaci kibiya ko takobi ba.

Dattawan jihar Maraɗi ba su manta da abin da ya faru a Toda ba a shekarar 1991, sa'ad da rikicin manoma da makiyaya ya ci rayukan mutane sama da 100, mafi yawansu mata da yara. Wace mace ce a cikinsu ta kai farmaki? Wane jariri ne ya ci hatsin wani? Allah ya faɗa a wurare da dama cikin Littafinsa cewa wani rai ba ya ɗaukar laifin wani. Wanda aka yi wa laifi a gabas ya je ya rama a kan rugar yamma, ko ƙauyen yamma, don kawai harshensu ɗaya da mai laifin, wannan ramuwar jahiliyya ce da Manzo ya taka ƙarƙashin ƙafarsa a hajjin ban kwana.

Haka muke gaya wa ƴan uwanmu na bakin iyaka, wajen Madarunfa da Gidan Runji da sauransu, waɗanda suka sha wuyar ɓarayin shanu da masu satar mutane don kuɗin fansa. Allah ya san halin da kuke ciki, kuma wanda aka afka wa garinsa ya tsaya ya kare iyalinsa, yana kan gaskiya. Wanda ya kwashe iyalinsa ya ƙaura zuwa inda aminci yake, shi ma yana kan gaskiya, kada a goranta masa. Abin da muke jin tsoro shi ne tsaron gari ya rikiɗe ya zama farautar wata ƙabila a kasuwanni da hanyoyi. An ga inda wannan ya kai maƙwabtanmu. In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Akwai mai gari, akwai sarki, akwai kwamitocin sasanta rikicin filaye da aka kafa ƙarƙashin dokar karkara ta 1993, akwai jandarmomi. A kai kuka can, a kuma jira ranar da hukuma ta tsayar ta sakin gonaki kafin a kora dabbobi ciki.

Mas'ala ta bakwai: bayan abin ya auku

Wanda ya ce kare kansa ya yi, ba a karɓar maganarsa haka kawai, in ba haka ba kowane mai kisa zai faɗi haka. Imamu Malik ya yi hukunci a kan raƙumin da ya taso wa mutum, mutumin ya kashe shi: in yana da shaidar cewa raƙumin ya nufe shi, babu biya a kansa, in kuwa babu sai faɗarsa, ya biya. In raƙumi ma sai da shaida, ina ga ɗan Adam? Masu sharhin Mukhtasar sun ce idan abin ya faru inda babu kowa, ana karɓar maganarsa tare da rantsuwa. Wannan duka aikin alƙali ne.

Dokar hukunta laifuka ta ƙasarmu, wadda aka kafa a 1961, ita ma ta ɗauke laifi daga wanda larura ta wannan lokacin ta tilasta masa kare kansa ko kare wani. Ku lura, larurar da ake ciki, ba wadda ta wuce jiya ba. Saboda haka wanda wannan jarrabawa ta faɗa wa, kada ya ɓoye gawa, kada ya tsere. Ya kira maƙwabta su gani, in maharin yana da sauran numfashi a kai shi likita, a sanar da mai gari da jami'an tsaro nan take. Wanda ya wuce iyaka kuwa, ƙisasi ko diyya suna jiransa a shari'a, diyyar da asalinta raƙuma 100 ne, ko dinari 1000, ko dirhami 12,000, gidan kaso kuma yana jiransa a dokar ƙasa. Hisabin lahira yana nan daban.

Rufewa

Ya ku masu azumi, Manzon Allah ya kira azumi garkuwa, ya koya wa mai azumi cewa in wani ya zage shi ko ya neme shi da faɗa, ya sanar da shi cewa yana azumi. Wannan ma ja da baya ne, kuma muna yin atisayensa kwana 29 ko 30 kowace shekara. Ya gaya mana cewa ƙarfi na gaskiya shi ne mallakar kai lokacin fushi, ba kayar da mutane a kokawa ba. Ya hana nuna wa ɗan uwa makami ko da wasa, ya ce mala'iku suna la'antar mai yin haka har ya bari. Ya umurci mai wucewa da kibau a masallaci ko kasuwa ya riƙe tsininsu. Iyaye, ku duba ƙugun ƴaƴanku kafin su fita da dare. Wuƙar da aka fita da ita don ko-ta-kwana, ita ce Shaiɗan yake tuna wa yaro da ita sa'ad da ransa ya ɓaci. Ku kuma masu zuga, masu cewa wane ba namiji ba ne, ku sani in jini ya zuba saboda harshenku, kuna cikin shari'ar ranar da ba a ba da beli.

Ya Allah, ka tsare hannuwanmu daga jinin bayinka. Ka kare mu daga sharrin azzalumai, ka kare mutane daga sharrinmu. Ka mayar da waɗanda aka sace ga iyalansu, ka mayar da waɗanda aka kora ga gidajensu. Ka sanya ƙauna tsakanin manomi da makiyayi. Ka ba shugabanninmu ikon tsayar da adalci. Ka jiƙan iyayenmu da malamanmu. Ka zaunar da Nijar da maƙwabtanta lafiya, ka ba mu damina mai albarka, ka sanya mu cikin ƴantattun wannan wata.

Gobe, in Allah ya kai mu, za mu ɗauki babin sulhu da diyya. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare mu ne, muna neman gafararsa. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.